Yatsa Mai Lalle

Kellu ta fara ganin Sa'id ne a shagon mahaifinta da ke unguwar Hausari, ranar da ta kai abincin rana. Yana tsugune gaban injin busar da hula da mahaifin nata, Babakura, ya shekara bakwai yana haɗawa, hannunsa duk baƙin mai.

"Baba, wannan ne lauyan?" ta tambaya ƙasa-ƙasa. "Na zaci bakanike ne."

"Duka biyun ne," in ji Sa'id yana murmushi. "Injiniya na fara zama. Da na ga ana kwashe wa masu ƙirƙira guminsu, sai na koma karatun lauya."

Aikinsa ke nan, yi wa sabuwar ƙirƙira rajista da bin shari'ar masu kutse a intanet. Kafin ya tafi ya ja musu kunne: kada kowa ya ga cikin injin, ko a hoto, sai an shigar da takardu. Abin da duniya ta riga ta gani, doka ba ta ɗaukarsa sabo.

Da farko takardu ne ke kawo shi gidan. Daga baya ya daina neman dalili.

"Kelluna, yau sau uku ina ɓata zane. Ke ce sila," ya rubuto mata.

"Injiniyana, ni ina gida ina tsintar shinkafa, ka bar ɗora mini," ta mayar.

Saura kwana huɗu a shigar da takardu, Garzali mai walda, wanda ya taɓa neman Kellu ta ƙi shi, ya baza tallar inji irinsa sak a intanet.

Babakura ya tare Sa'id a ƙofar gida. "Kai kaɗai na buɗe wa injin nan. Ka ci amanata, sannan ka zo neman 'yata? Kada in sake ganin ƙafarka!"

Kellu na bayan labule tana jin komai. Ranar da injin ya busar da hula ashirin a tashi ɗaya, murna ta ɗebe ta, ta ɗaga murfin ta ɗauki hoto, ta sa a wayarta don ƙawaye su gani, ta rubuta "Babana gwani." Ta goge bayan awa guda. Ashe an riga an kwafa.

Kwana tara abinci ba ya wuce mata. Ta buɗe baki gaban Baba ya fi a ƙirga, sai ta ce ruwa za ta kawo masa. Ana nan saƙon Sa'id ya shigo:

"Na bincike kwamfutata kaf, ba wanda ya yi kutse. Sai na ƙara girman hoton da Garzali ya sa a tallarsa. A gefe akwai yatsa mai lalle riƙe da murfin. Na san yatsan. Ba zan gaya wa Baba ba. Don Allah ki ci abinci."

Ta karanta sau biyu, ta tafi ta durƙusa gaban mahaifinta, ta miƙa masa wayar. "Baba, ba Ya Sa'id ba ne. Ni ce."

Ya duba wayar. "Shekara bakwai, Kellu," kawai ya ce.

Washegari ya hau keke zuwa ofishin Sa'id a GRA, tana biye da shi kanta a ƙasa.

"Za a iya ƙwato injin?" in ji Babakura.

"Ba zan yi maka ƙarya ba, Baba, wannan kam ya tafi. Mu muka fitar da shi da hannunmu."

"Mu?"

"Mu," in ji Sa'id, bai ko kalli Kellu ba. "Amma na'urar daidaita zafi da ka fara haɗawa ba ta cikin hoton. Ita za mu kare."

Babakura ya cire hularsa, ya juya ta, ya mayar. "Na zage ka a ƙofar gidana, ka haɗiye don 'yata. Ka yafe mini. Turo magabatanka."

Bayan wata biyar aka ɗaura aure. Ranar wushe-wushe, daren da ake tarbar ango a gidan amarya, ƙawaye suka ɗauke su hoto, Kellu ta riƙe wayar tana duban angonta.

"Wannan fa, in sa?"

"Sa, Kelluna. Wannan kowa ya gani."

Babakura ya dafa kansu, idonsa ya ciko. "Allah Ya rufa muku asiri kamar yadda Sa'id ya rufa miki, Kellu. Allah Ya ba da zaman lafiya da zuri'a mai albarka."