Layukan da Ba a Goge Ba

Daga asibiti ta wuce ofis, ana dab da magariba, a gajiye. Injiniya ake ce mata a gida, rabi girmamawa rabi tsokana, don aikinta rubuta manhajar kwamfuta. Kwana da kwanaki tana jinyar Mama a ɗakin masu ciwon zuciya, barci sai dai gyangyaɗi a kujerar roba. Abin takaicin kuma, manhajar da ke nuna wa nas-nas bugun zuciyar majinyata kamfaninsu ne ya yi ta, kuma ta lalace da nawa.

Babbar nas ce ta tare ta a bakin ƙofa kafin ta bar asibiti, ta ce jadawalin bugun zuciyar nan nasu sai ya ga dama yake motsi, mutum ya shiga wani hali, allo yana nuna lafiya lau. Ta ce shekaranjiya wani dattijo ya cika kafin layinsa ya faɗi gaskiya. "Ki duba, 'yata," in ji ta. "Mamarki ma da shi muke kallonta."

To ina hutu? Ta samu ofis wayam, kowa ya kama gabansa. Oga ya sha cewa laifin intanet ne, shi dai kullum laifin intanet ne, ko shayinsa ya huce. Ta zauna, ta cire takalmi, ta buɗe ma'aunin aiki, wato manhajar da ke bin sawun kwamfuta tana nuna inda lokaci ke salwanta. Ta kunna shi, ta bar jadawalin asibitin ya yi ta ja da ƙyar, sannan ta tsayar.

Sandunan awo suka jeru a allo. Ɗauko bayanai ba ya cin komai, intanet ɗin Oga garau yake. Lissafi ma ba laifi. Amma wajen zana layuka akwai wata jar sanda, doguwa, ta cinye kusan lokacin duka. Ta danna ta. Gadajen ɗakin ba su da yawa, amma kwamfuta layuka take zanawa jingim, ɗaruruwa.

Ta yi tsaki, don ta gane aikin. Ganda ce irin tasu ta masu manhaja: idan aka sallami majinyaci ana cire layinsa, idan kuwa rasuwa ya yi, wanda ya rubuta wurin bai goge ba, ya dai mayar da layin marar launi. Ido ba ya gani, amma kwamfuta na nan tana wahalar zana shi. Shekara da shekaru ana tara matattu a bayan allo.

Don ta tabbatar kafin ta goge, ta mayar musu da launi.

Da ta sani ba ta yi ba.

Layin wanda ya rasu a miƙe yake, kowa ya san wannan. Waɗannan kuwa bugawa suke. Suna hawa, suna sauka, a hankali, duk tare, kamar numfashin mai barci. Babu wata na'ura da ke turo musu bayani. Ta duba, ta sake dubawa. Babu.

Na'urar sanyaya ofis ta yi shiru. Sai ta ji wari, warin maganin goge daɓen asibiti, a ƙarƙashinsa kuma ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Kujerar da ke gefenta ta yi ƙara, irin ta an zauna. Ta bayanta ma ta yi. Haka suka yi ta yi har ƙarshen ɗaki.

Ba ta waiwaya ba. Ta nemi addu'ar da za ta yi, ta rasa. Tsoro ta ji, tsantsarsa.

"Bar mu," aka ce, dab da kunnenta, murya ƙasa-ƙasa.

Ta kai hannu kan linzamin kwamfuta. Wani sanyi ya sauka a wuyan hannunta, ya danne.

"Mu muke jan lokaci. Dubi tsohuwarki."

Ta duba. Layin Mama siriri ne, yana rawa, kuma duk sanda zai faɗi sai layukan nan su taso ƙarƙashinsa su tallafe shi.

"Kin goge mu, mun sake ta."

Hawaye ya zubo mata. Gaskiya suke faɗa ko ƙarya, wa zai gaya mata? Abin da ta sani kawai, ba Mama kaɗai ke kwance a ɗakin nan ba. Akwai wata yarinya a gadon kusa da taga, mai yi mata sannu kullum. Akwai mai jego. In allo ya ci gaba da makara, gobe ko jibi wani ne zai tafi ana zaton lafiyarsa ƙalau.

Hannun dama ya mutu murus. Ta lallaɓa na hagu kan madannin gogewa.

Numfashi ya taru a ƙeyarta.

Ta danna.

Kujerun suka yi baya gaba ɗaya, fitilu suka ɗauke. Ta zabura ba takalmi, ta bugi tebur, ta laluba ƙofa. An riƙo gefen mayafinta, ta sakar musu shi. Yadda ta sauko matakala ba ta sani ba, ta dai ga kanta a titi, cikin hayaƙin motoci, mutane na kallonta.

A tasi ta buɗe manhajar a wayarta. Jadawali na gudu sumul, bai taɓa yin haka ba. Tana riƙe da wayar, tana kallo, layin Mama ya yi tsalle sau ɗaya ya miƙe.

Ta samu yayanta a barandar asibiti ya haɗa kai da bango. Babbar nas ta rungume ta tana kuka. "A kan kari muka gani," ta ce. "Wallahi ko ƙiftawa ba a yi ba muna kanta. Lokaci ne ya yi."

Bayan nan ba a sake kuka da jadawalin ba. Yarinyar gadon taga ta taɓa shiga wani hali, aka cim mata da wuri, ta warke ta koma gida. Oga ya yi ta yabon Injiniya a gaban kowa, ita kuwa ba ta ƙara bari magariba ta same ta a ofis ba. Yatsun hannunta na dama har yau ba sa jin ɗumi.

Wani lokaci yayanta kan ce su gode Allah, ai an yi wa Mama duk abin da ya kamata. Sai ta ce haka ne, Yaya. Ba ta taɓa gaya masa cewa an ba ta zaɓi ba.