Waldar Bahago

Ƙarfe tara da 'yan mintuna na safiyar Laraba aka buga waya caji ofis, cewa akwai gawa a tsohon ramin tsakuwa da ke bayan gari, inda masu bindiga suke zuwa gwaji.

Sufeto Lorna Rautio ta bar gahawarta da zafi a kan tebur. Ita da Saje Lahti, wani dattijo mai ƙwauron magana da ya yi shekaru yana walda a mahaƙar tagulla kafin ya sa kaki, suka kama hanya.

Gawar Curtis Salmela ce, magidanci ɗan shekara talatin da takwas. Bindiga ce ta fashe masa a fuska. Lorna ta ga gawarwaki a aikinta, amma wannan sai da ta juya baya.

Mahaifinsa, Baba Arvid, yana zaune a bayan a-kori-kurar mamacin. Da ya gan ta sai ya haɗa hannuwansa biyu ya miƙo.

"Sa min ankwa, 'yar Rautio. Ni na kashe shi."

"Baba, sauke hannunka. Me ya faru?"

"Ni na duba masa ita. Ni na ce masa lafiyarta ƙalau."

Ba wanda bai san garejin Baba Arvid ba a yankin nan. Duk Lahadi bayan coci maza ke taruwa a can. Sukan sayo gutsattsarin bindigogin yaƙin duniya waɗanda aka yayyanka, kowa ya haɗa tasa da hannunsa, ta fito sak irin ta da, sai dai ba ta ɓarin wuta, ɗaya-ɗaya take harbi. Kuma shekara talatin ke nan ba a harba sabuwa sai tsohon ya duba ya gyaɗa kai.

Lorna ta leƙa bayan motar. Ga tsohuwar taya, ga doguwar igiya a nannaɗe, ko kunce ta ba a yi ba.

"Wannan fa?"

"Ta gwaji ce. Sabuwar bindiga ba a ɗora ta a kafaɗa. Ɗaure ta ake a jikin taya, a sa wa kunamar igiya, mutum ya laɓe bayan mota ya ja."

"To me ya hana shi yi yau?"

"Ai mun yi tun watan jiya, kafin a rina ƙarfenta ya yi baƙi. Harbi sittin, ko tari ba ta yi ba." Muryarsa ta karye. "Idona ne ya ci amanata. Akwai abin da ban gani ba."

Saje ya tattara gutsattsarin ƙarfen a leda. Tsohon ya kau da kai, ya ƙi ko kallonsu.

Da azahar Lorna da Saje suka isa gidan mamacin. Matarsa Janelle tana tsaye a kicin, maƙwabta sun cika tebur da kwanonin abinci ba wanda ya taɓa.

"Litinin za a binne shi," in ji ta, ido a bushe. "Ki gaya wa tsohon nan kada in ga ƙafarsa a cocin. In ya zo, ni zan fita."

"Surukinki ne fa, Janelle."

"Surukina ya mutu tare da mijina. Shi ya koya masa wannan shirmen, shi ya ce masa harba."

Lorna ba ta ja da ita ba. "Bayan gwaji, ina aka kai bindigar?"

"Wurin Gordy Tresidder. Shi ke da kwamin da suke dafa ƙarfe a ruwan magani ya yi baƙi. Tare suka saka, tasa da ta Curtis, iri ɗaya ce. Kwana biyu ta yi a can."

"Tare?"

"Ni na kai shi a mota. Da idona na ga biyun a rataye."

Suna fita Saje ya tsaya a ƙofar ɗakin wankan tururi da ke bayan gida, ya durƙusa gaban murhun ƙarfen da Curtis ya ƙera. Ya daɗe yana shafa layin waldar da ɗan yatsa.

"Ranki ya daɗe, yaron nan bahago ne?"

Janelle ce ta amsa daga bakin ƙofa. "Bahago ne. Me ya faru?"

"Ba komai, 'yata."

Sai da suka shiga mota ya zazzage ledar a cinyarsa, ya ɗago guntu ɗaya.

"Dubi nan. Walda tana da zane kamar ɓawon kifi. Ta murhun can kwance take lumui, ta karkata ta ɓangaren bahago. Wannan kuwa mai aiki da hannun dama ne ya yi, kuma ko ƙarfen ba ta ci ba, a sama kawai aka ɗiɗɗiga ta kamar kashin kaji. Daga waje an goge an yi baƙi, sai ka ce abin kirki." Ya tofar da yawu ta taga. "Wanda ya yi murhun nan ko a buge yake ba zai yi wannan ƙazantar ba."

Washegari da hantsi suka je gidan Gordy Tresidder. Mutum ne mai sayar da kayan gini, ƙato, mai murya kamar ya haɗiyi lasifika. Irin mutanen nan ne da in ka ce ka ga barewa, shi ya ga goma. Ya tare su tun daga tsakar gida da hankici a hannu.

"Kai, ranki ya daɗe, an yi mana rashi! Curtis ƙanena ne, ƙanena na jini in ban da uwa. Tun jiya ko loma ban iya kaiwa baki ba."

Akwai ɓurɓushin waina mai nama a gemunsa. Lorna ta kalli wurin, ta kalle shi.

"Kai ka yi wa bindigarsa baƙi?"

"Ni na yi, kyauta ma. Amma baƙi ai kwalliya ce, ba ruwansa da ciki." Ya rage murya, ya matso har tana jin warin albasa. "Tsakanina da ke, ba na son in ci naman dattijo. Amma idon Baba Arvid ya daɗe da tafiya. Kowa ya sani, kunya ce ta hana a faɗa."

"Bindiga nawa ka saka a kwamin ranar?"

"Ɗaya. Tasa kaɗai."

"Taka fa?"

"Tawa? Ai tun bazara na gama da ita."

"Muna iya ganinta?"

"Kash, na riga na kai ta zauren gari. Jibi Asabar ne bajekolinmu na shekara, inda ake zaɓen bindigar da ta fi kyau. Da an so a ɗage, ni na ce a'a, mu yi shi don tunawa da marigayi."

Tir! Gawar abokinsa tana firjin asibiti, shi lissafin bajekoli yake.

Suna komawa mota Saje ya ɗan shuri ƙarfen akwatin wasiƙun gidan da takalmi. Abin ya yi lilo, saura kaɗan ya faɗi.

"Gordy ne ya yi wannan da kansa, har sunansa ya rubuta a jiki," in ji shi. "Ga kashin kajin nan."

Ranar Juma'a Lorna ta sami Baba Arvid a garejinsa. Bai kunna fitila ba, bai hura murhu ba, yana zaune da rigar da ta gan shi da ita tun Laraba.

"Baba, ka taɓa duba bindigar Gordy?"

Ya ce, "Wannan tsakanina da shi ne."

"Yanzu ya zama tsakaninka da ni."

"Watan jiya ya kawo. Na jawo shi gefe don kada a ji, na ce, 'Gordon, wannan kabari ka ƙera. Je ka yanka ta, ka sake daga farko.' Bayan mako biyu ya ce min ya yanka, ya yi sabuwa."

"Ka ga sabuwar?"

"Ban gani ba. Ya ce sai a bajekoli."

"To gobe za ka gani. Zan zo in ɗauke ka."

"Ba ni da fuskar shiga mutane, 'yar Rautio."

"Ba fuskarka nake so ba, Baba. Idonka nake so."

Ranar Asabar zauren ya cika. Tebura a jere, bindigogi kwance a kan barguna, mata na sayar da gahawa da biredi mai kirfa a kusurwa. Lorna ta roƙi Janelle ta zo, ta kuma zo, amma ta tsaya can bakin ƙofa da hannu a harɗe. Da Baba Arvid ya shigo sai hira ta mutu, kowa ya sami abin kallo a ƙasa.

Teburin Gordy ne a tsakiya. Ya jingina hoton Curtis da baƙin ƙyalle a jiki. A gaban hoton ga bindiga tana sheƙi, an maƙala mata jan kirtanin da ake ba wanda ya zo na ɗaya, ga kati an rubuta da manyan baƙaƙe cewa aikin hannun Gordon Tresidder ne. Shi kuwa sai karɓar gaisuwa yake, ta ta'aziyya da ta murna a haɗe.

Lorna ta matso teburin, Saje na biye da ita. Ta ajiye takardar izinin bincike daga kotu a kan bargon.

"Malam Tresidder, za a buɗe wannan."

"A nan? Haba, ranki ya daɗe, a gaban jama'a? Za a ɓata min baƙin!"

"Baba, bismillah."

Tsohon ya ɗauki bindigar. Cikin minti ɗaya ya warware ta. Ya ɗaga gangar jikin wajen hasken taga, ya leƙa ciki. Ya daɗe a haka.

"Wannan waldar bahago ce," ya ce a hankali. "Wannan hannun ɗana ne. Ita ce na duba. Ita ce muka ɗaure a taya."

Saje ya zazzage ledarsa a gefe. "Wannan kuma fa, Baba?"

Karon farko ke nan da ya yarda ya kalli gutsattsarin. Ɗaya kawai ya ɗauka ya juya.

"Wadda na ce a yanka ce."

Zauren ya ɗauki guna-guni. Gordy ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Jama'a, tsohon da ba ya gani za ku..."

"Rufe mana baki," in ji Lorna. "Ka ce min ɗaya ka saka a kwami, Janelle ta ga biyu. Ka ce tun bazara ka gama taka, watan jiya ka kai wa Baba ita. Bayan baƙi ba mai bambance su daga waje. Ka ɗora ƙotar katakon bindigar Curtis a kan taka ka miƙa masa, ka riƙe tasa. Ko ba haka ba?"

Ya waiga hagu, ya waiga dama. Mutanen da ya yi shekaru yana ci da sha da su duk sun ja baya daga teburin. Sai ya zube a kujera, gumi na bin wuyansa.

"Ban yi nufin ya mutu ba. Na rantse da Allah! Na ɗauka cijewa kawai za ta yi."

"Na ce maka kabari ce," in ji Baba Arvid.

"Kullum haka kake cewa! Shekara goma sha ɗaya ina kawo aiki kuna yi min dariya a bayan ido. Curtis kuwa sau huɗu yana cin na ɗaya. Sau ɗaya kawai nake so, sau ɗaya! Da niyyata in mayar masa bayan bajekoli."

"Ka san zai harba ta kafin nan?"

Gordy ya share gumi da hankici.

"Tambayarka nake."

"Ya... ya faɗa min ranar Talata. Ya ce zai fita da safe."

"Kana da wayarsa?"

"Ina da ita."

"Me ya hana ka kira?"

Gordy ya sunkuyar da kai. "Da na kira, da kowa ya ji."

Wani daga baya ya ce, "Allah wadaranka, Gordy." Ba wanda ya tanka masa, ba kuma wanda ya hana shi.

Lorna ta yi shekara goma sha tara tana kama mutane. Ta kama ɓarayi, ta kama mashaya, ta kama wanda ya yi kisa cikin fushi, kuma da yawansu ta ji tausayinsu. Wannan kam ƙyamar taɓa shi take. Ta miƙa wa Saje ankwar.

"Sa masa. Ni ba zan iya ba."

Ana tura shi waje ya juyo, hawaye shaɓe-shaɓe. "Ranki ya daɗe, a bi da ni ta ƙofar baya mana, don Allah. Akwai masu sayen kayana a nan."

"Ta gaba za ka bi."

Ta gaban aka bi da shi, ta gefen Janelle. Ko kallonsa ba ta yi ba. Ta tako tsakiyar zauren, ta fizge jan kirtanin ta yar a ƙasa, ta cire hoton mijinta daga teburin ta rungume. Sannan ta tsaya gaban surukinta.

Tsohon bai iya ɗaga ido ba. "Da ma na yanka ta da hannuna ranar nan, 'yata. Kunyar Gordy na ji."

Janelle ta sunkuya. Ta sa hannu ta gyara masa wuyan rigar da ya kwana uku a jikinsa.

"Tashi mu je gida, Baba," ta ce. "Har yanzu ban zaɓi kayan da za a sa masa ba. Na kasa ni kaɗai."