Hanyar da Injiniya Ya Buɗe wa Baƙo

Ganda ce ta ci Injiniya. Aikinsa haɗa rumbun bayanan abokan cinikin kamfani da na waje, amma bincike ba ya cikin halinsa.

Wani dare yana ofis shi kaɗai, baƙo ya shigo, ba sallama, ba ƙarar takalmi.

"Ɗan'uwa, ni aka turo. Buɗe mini hanya, shiga da fita, ka je ka kwanta."

"Ka hutar da ni," in ji Injiniya. Ya ba shi kalmar sirri.

Baƙon na danna kwamfuta, ko ƙas ba ka ji. Sunaye suka dinga ɓacewa, har da na Injiniya.

Injiniya ya ɗauki waya ya kira matarsa.

Ta ce, "Malam, wa kake nema? Ni ban taɓa aure ba."