Darar Yashin Gulbi

Ku matso kusa. Kai Nomau, rage fitilar nan, wannan ba labarin da ake ɗaga murya ba ne.

Kakanmu Arzika gwanin dara ne. Shekara ashirin ba a ci shi ba, girman kai kuwa har ya fi iyawar. Dabararsa ɗaya ce: ya kora 'ya'yanka bakin gurabe, ya matse ka, ya jera uku ya cinye.

Wani rani kububuwa ta sari 'yarsa Tumba a ƙafa, tana shekara bakwai. Ya ruga ƙetaren gulbi ya karɓo magani. Mai maganin ya ce, "Ta sha kafin isha'i. In ya wuce haka, babu ruwana."

Da magariba ya shigo yashin gulbi, ba ruwa ko ɗigo. Sai ga wani tsoho zaune, ya haƙa gurabe. Arzika ya duba gaba, babu hanya. Ya waiga, sawunsa ma babu.

"Zauna," in ji tsohon. Yana gabansa, amma muryar daga bayan kunne take zuwa.

"Baba, 'yata na kwance."

"In wasa ya ƙare, ka wuce."

Arzika ya zauna, ya ɗauki tsakuwa, tsohon ya ɗauki tsinke. Gaggawa ta hana shi ƙirga gurabe. Ko ɗan koyo ya san talatin ne, shida-shida jere biyar. Shi dai ya ce a ransa, yanzu zan gama da shi.

Ya kora shi baki, ya matse. Tsohon ya miƙa hannu, yatsun nan gaɓa huɗu-huɗu. Yashi ya lotsa da kansa, sabon jere ya buɗe, tsinke ya zame ciki.

"Baba, ai nan ne iyaka."

"Wa ya ce maka da iyaka?"

Ya sake kora. Wani jeren ya buɗe. Da farko miƙa hannu yake, daga baya ya koma jan gwiwa, har sai ya yi gudu kafin ya kai ga tsakuwarsa. Gabas gurabe, yamma gurabe. Jan magaribar nan kuma ya ƙi gushewa. Gwiwoyinsa suka saluɓe. Yana taɓa ƙullin maganin a aljihu yana kuka, wallahi kamar yaro, amma bai fasa cewa saura kora ɗaya ba.

Sai da hannunsa ya ƙi ɗaguwa ya ce, "Baba, ka ci ni."

Tsohon ya fara tattara tsinkayensa. "Tun gurbin farko da ka faɗi haka, ai da ka wuce."

Hanya ta bayyana. Ya kwasa a guje, ya shiga gida ana kiran isha'i, yana ta hamdala. A tsakar gida ya tarar da wata mace da goyo, ta dogara sanda, ƙafarta ɗaya. Ya ce mata, "Ina Tumba? Ga maganin!"

Ta dube shi.

"Baba, kwana uku na jira ka," ta ce. "Ran na huɗu aka yanke."

Inna Tumba ce, wadda take ba ku ƙuli-ƙuli. Kada wanda ya tambaye ta. Kuma duk ran da aka aike ku ƙetare, ku nemi abokin tafiya. In kun ga gurabe a yashi ba ku ga wanda ya haƙa ba, ku ɗauke ido.