Furen Ɗa'ifa a Gidan Malam Abdulwasi'u

Ranar Talata, ashirin da huɗu ga Rabi'ul Awwal na shekarar 1429, wadda ta zo daidai da ɗaya ga Afrilun 2008, gari ya waye a Makka da ɗan hadari a kan duwatsu. Bai zubar da ko ɗigo ba, kafin hantsi rana ta kore shi. A wannan zamani Malam Abdulwasi'u, mutumin Gwandu, ya tsufa a kan buzunsa a unguwar Tandabawi. Gidansa bene ne, makaranta a ƙasa, ɗakunan ɗalibai masu iyali a sama. Idonsa ya yi rauni, kowa kuma ya san kafin azumi zai naɗa wanda zai gaje shi.

Mutum biyu ake ambata. Na farko Aminullahi, wanda ɗalibai ke kira Waziri, domin shi ke zama dama da Malam yana karanta masa littafi. Na biyu Abdulrauf, da ake kira Madaki, mai kaifin basira da kaifin harshe, wanda a lokacin yake rubuta bincike a jami'a kan bukukuwan Rumawan dā. Ba gaba suke yi ba. Amma buzu ɗaya ne, ɗalibai kuwa sun riga sun rabu gida biyu.

Bayan la'asar majalisa ta cika. Aminullahi ya buɗe littafi ke nan, sai Madaki ya nemi izinin magana, aka ba shi.

Ya fara da tarihi, cikin natsuwa. Ya ce a birnin Rum, tun kafin zuwan Annabi Isa, ranar ɗaya ga Afrilu ranar mata ce. Idan sanyi ya wuce, itatuwa suka toho, sai matan birni su taru wurin gunkiyarsu ta soyayya, su kwance mata sarƙoƙinta, su wanke ta, su mayar mata da ado, su lulluɓe ta da sabon furen wardi. Sannan su ma su yi wanka da ganyen ƙamshi a kansu, su sha wani haɗi na madara da zuma, suna roƙon son miji da albarkar aure. Ɗalibai suka yi ta neman tsari, Malam yana gyaɗa kai, domin bayanin ya tsaru.

Sai Madaki ya sassauta murya. Ya ce da safiyar nan matarsa Saudat ta hau bene, ta tarar da ɗakin Waziri cike da furen wardi, a faranti, a kwanon wanka, har kan matashi. Ga Zinariya, matar Waziri, zaune da kofin madara da zuma, ga wata Balarabiya tana zuba mata fure a gashi. Ya ce shi bai zargi kowa ba. Amma yau ɗaya ga Afrilu ne, kuma duk gidan an san Zinariya ta daɗe tana neman haihuwa.

Dokar gidan sananniya ce: wanda ya shigo da abin da ya yi kama da shirka, ya tattara kayansa. Aminullahi ya san ba buzu kaɗai zai rasa ba. Zai fita da iyalinsa, labari kuma ya riga shi isa Gwandu.

Malam ya juyo da fuskarsa. "Waziri, me ke ɗakinka?"

"Fure ne, Allah gafarta Malam."

"Na me?"

Aminullahi ya buɗe baki, maganar ta ƙi fita. Kalma biyu za su wanke shi, ya kuma san su. Zinariya ciki gare ta, bayan shekarun jira da ɓari. Warin girki na tayar mata da zuciya, daddawa ko daga nesa ba ta iya jurewa, babu abin da cikinta ke karɓa sai madara da zuma. Balarabiyar nan kuwa Manar ce, maƙwabciyarsu, 'yar Ɗa'ifa, wannan ne kuma lokacin da wardi ke buɗewa a garinsu, danginta na aiko mata da shi buhu-buhu, ita ce ta ce ƙamshinsa na kwantar da amai. Ba wanda ya dubi kwanan watan Nasara. Amma ta yaya mutum zai ɗaga kai a gaban malaminsa, wanda yake matsayin uba, a tsakiyar taron maza, ya ambaci cikin ɗansa na fari da bakinsa? A inda aka haife shi ko sunan ɗan fari uba ba ya kira.

Ya sunkuyar da kai, zufa na bin wuyansa. "Abin ba na faɗa ba ne, Malam."

Wasu ɗalibai suka dubi juna. Wani saurayi haifaffen Makka ya raɗa wa na kusa da shi da Larabci cewa shi ke nan, mai gaskiya ba ya shiru. Mutanen Waziri kansu suka fara kallon tabarma.

Malam ya juya amsar a ransa. Idonsa ba ya ganin rubutu, amma kunnensa bai tsufa ba, ya kuma ji cewa babu tsoro a muryar Waziri. Wani abu ne dabam, wanda shi ma ya taɓa ji a nasa maƙogwaron tun yana matashi. Sai ya ɗaga murya zuwa bayan labule, ya roƙi uwargidansa, Hajiya Ɗaso, ta hau ta gaishe da Zinariya.

Aka zauna jira. Aminullahi na jin takun tsohuwar a kan matakala, tana hawa tana hutawa, kowane taku kamar a ƙirjinsa. Da ta sauko, ta tsaya bayan labule tana mayar da numfashi.

"Malam, na ga Rumawan," in ji ta. "Ɗaya na kwance da kwano a gefenta, ɗaya na yi mata fifita. Baƙon da ake wa hidimar bai iso ba tukuna, sai bayan ƙaramar salla in Allah ya kai mu. A dai fara tanadin rago."

Dattawan majalisa suka fara ganewa, murmushi ya bi sahu har ya kai ga samari. Aminullahi ya ja rawaninsa ya rufe fuska, bai san lokacin da hawaye suka zubo ba. Madaki ya taso ya durƙusa a gabansa, ya ce ya yafe masa don Allah.

Malam ya ce, "Madaki, karatunka daidai ne. Amma wardi ya riga Rum zuwa duniya, zuma kuma Alƙur'ani ya yabe ta. Kai kuma Waziri, kunya ado ce, sai dai yau ta kusa fitar da kai waje da tabarmarka."

Abin da mutanen gidan suka riƙe shi ne, a watan Sha'aban aka ba Aminullahi buzu, shi kuma ya bar wa Abdulrauf darasin tarihi na ranar Alhamis. Haka mulki yake, ko na masarauta ko na zaure. Ba kullum takobi ke kayar da mutum ba, wani lokaci gaskiya ce da aka jera a inda ba wurinta ba, sai Allah ya kawo wanda ya san abin da shiru ke nufi.

Washegarin majalisar, Aminullahi ya ɗauko wata wasiƙa zuwa ga gwaggonsa a Gwandu, wadda ya rubuta tun makonnin baya ya kasa aikawa. Ya hau tasi zuwa gidan waya. Bayan gaisuwa layi ɗaya ne a cikinta: Zinariya ba ta jin daɗi, irin rashin jin daɗin da kuka daɗe kuna roƙa mata. Ya manna kan sarki, ya yi bisimilla, ya jefa ta a akwati.