Ranar da Fanka Ta Yi Shiru

A kusurwar falon wani gida akwai wata tsohuwar kwamfuta. Allonta yana kan tebur, baƙin akwatinta kuma yana ƙarƙashi, jikin bango.

Kwamfutar ta Baba ce. Baba ya rasu shekara biyu da suka wuce. Ya bar Umma da yara biyu: yarinya 'yar aji shida, da ƙaninta Auta mai shekara huɗu.

A cikin kwamfutar akwai bidiyon Baba guda tara. Babu su a ko'ina sai a nan, domin wayar da aka ɗauke su da ita ta daɗe da lalacewa. Auta ba ya tuna Baba sosai. A bidiyon nan ya san fuskarsa da muryarsa. Kullum da yamma Umma takan kunna masa guda ɗaya kafin ta tafi aiki.

Umma nas ce a asibiti. Da dare take aiki, maƙwabciya ta kwana da yaran. Da rana kuma sai ta yi barci. Doka ɗaya ta kafa a kan kwamfutar.

"Kada wanda ya taɓa ta sai ina zaune a wurin," in ji ta.

Akwai wasan tseren mota a ciki, kuma yarinyar tana son sa kamar me. Amma ranar Asabar kaɗai Umma ke barin ta ta yi, na rabin awa. Sau da yawa ta so ta yi a ɓoye. Abu ɗaya ke hana ta. Da an fara wasan, sai fankar cikin akwatin ta kama ƙara kamar injin niƙa. Ɗakin Umma kuwa yana bayan bangon.

Wata Litinin, Malamar kwamfuta ta buɗe wani akwati a gaban aji.

"Me kuka gani a ciki?" ta tambaya.

"Fanka, Malama," in ji yaran.

"To, kwamfuta ma tana jin zafi. In ta yi aiki mai nauyi, cikinta yakan yi zafi ƙwarai. Fanka ce ke fitar da zafin."

Malama ta buɗe wata manhaja a allo. Ta nuna musu lambar da ke faɗin zafin ciki. Ta nuna musu inda ake ƙara gudun fanka da inda ake rage shi.

Yarinyar ta ɗaga hannu. "Malama, in an rage gudun, ƙarar ma za ta ragu?"

"Za ta ragu. Amma ba a ragewa lokacin da kwamfuta ke aiki mai nauyi. Kuma idonki ya kasance a kan lambar. In ta kai digiri tamanin, ki dakata. In ta koma ja, ki kashe."

Yarinyar ta riƙe rabin farko na amsar. Rabin ƙarshe ya bi iska.

Da ta koma gida, ta tarar Umma tana barci. Auta ma ya yi barci a kan tabarma, da motarsa ta roba a hannu. Ta ajiye jaka a hankali. Ta kunna kwamfutar.

Ta duba, sai ga irin manhajar nan a ciki. Baba mutum ne mai son irin waɗannan abubuwa. An saita fankar ta riƙa ƙara gudu da kanta in zafi ya ƙaru. Yarinyar ta cire wannan saitin. Ta ja gudun ƙasa, ƙasa, har ƙarshe.

Ƙarar ta faɗi. Saura ɗan gurnani kaɗan. Ta ɗauko babban tawul ta lulluɓe akwatin gaba da baya. Falon ya yi tsit.

Ta fara wasa. A gefen allo lambar tana nuna hamsin. Ta ci zagaye na farko, lambar ta koma sittin da takwas. Ta ci na biyu, ta koma tamanin da biyu.

"Saura zagaye ɗaya," ta ce a ranta.

Lambar ta koma ja. Wani gargaɗi ya fito a tsakiyar allo, ya rufe mata hanya. Ko karantawa ba ta yi ba, ta ture shi. Motar ta fara tafiya tana tsayawa. Sai kawai allon ya yi baƙi.

Ta danna maɓalli, kwamfutar ta tashi. Ta yi ajiyar zuciya, ta koma wasan. Bayan minti biyar ta sake mutuwa. Ta sake tayar da ita.

Da ta mutu a karo na uku ne yarinyar ta ji wari, irin na robar da ta ƙone. Ta janye tawul ɗin da sauri. Ta taɓa akwatin, ta fizge hannunta don zafi. Ta danna maɓalli. Ƙaramar fitila ta kama, akwatin ya yi 'yar ƙara sau uku, amma allon bai nuna komai ba.

Ta buɗe taga don warin ya fita. Ta mayar da tawul inda ta ɗauko shi. Ta zauna ta buɗe littafin lissafi.

Da yamma Umma ta fito cikin fararen kayan aiki. Auta ya ruga ya hau kujera.

"Umma, wanda Baba yake dariya za ki sa mini."

Umma ta danna maɓalli. Babu komai. Ta duba soket, ta gyara waya, ta sake dannawa. Allon yana nan baƙi.

"Wa ya taɓa kwamfutar nan?"

"Ni dai karatu nake yi," in ji yarinyar. Ba ta ɗaga kai ba.

Umma ta durƙusa ta leƙa ƙarƙashin tebur. Sai ta ga tsinken tsintsiya a ƙasa. A watan jiya ta taɓa kama Auta yana tura tsinke a ramukan akwatin.

"Auta, ban hana ka ba?"

"Ban taɓa ba, Umma."

"Ka yi ɓarna kuma ka ƙara da ƙarya?"

"Ban taɓa ba. Yaya, ki faɗa mata."

Yarinyar ta ci gaba da kallon littafinta. Umma ta karɓe motar robar daga hannun Auta, ta ɗora a saman durowa. Auta ya fashe da kuka. Umma ta zauna a ƙasa kusa da akwatin, ta dafa shi da hannu ɗaya. Hawaye suna zuba a kan fararen kayanta. Rabon da yarinyar ta ga Umma tana kuka tun makon da Baba ya rasu.

Kwana uku gidan ba daɗi. Umma ba ta iya barcin rana. Auta ya daina wasa. Yarinyar kuwa ko abinci ba ta iya ci.

A rana ta uku ta dawo daga makaranta, ta tarar da Auta a kan kujera. Ya kafa wa baƙin allon ido. Bai ji shigowarta ba.

"Baba, ka yi haƙuri ka fito," yake cewa a hankali. "Ba zan ƙara ba."

Ya juyo ya gan ta.

"Yaya, ko na taɓa ne na manta?"

Yarinyar ta shige banɗaki ta rufe ƙofa. Ta daɗe a ciki tana kuka.

Washegari da aka tashi tara, ta tsaya a ƙofar ɗakin kwamfuta. Malama ta lura da ita.

"Lafiya? Idonki ya kumbura."

Yarinyar ta faɗi komai. Ta faɗi zancen fanka, da tawul, da jar lamba, da Auta. Malama ta saurara har ƙarshe.

"Sau nawa ta mutu kina tayar da ita?"

"Sau biyu, Malama. A na uku ta ƙi."

"Kin san me ya sa take mutuwa? Kashe kanta take yi don kada ta ƙone. Ke kuma kina mayar da ita cikin wuta."

"Malama, za ki iya gyarawa?"

"Ban sani ba sai na gani. Zan zo ranar Asabar. Amma ba zan taka gidanku ba sai kin faɗa wa Ummanki da bakinki. Kwamfuta zan iya dubawa. Abin da kika yi wa ƙaninki, ke kaɗai za ki gyara shi."

Da ta koma gida, Umma tana ninke kaya a ɗaki. Yarinyar ta durƙusa a bakin gado.

"Umma, ba Auta ba ne. Ni ce."

Umma ta ajiye rigar da ke hannunta. Ba ta yi tsawa ba, ba ta ɗaga hannu ba. Ta saurari labarin duka.

"Kwana huɗu," in ji Umma. "Kina kallo na hukunta yaron da bai yi komai ba, kika yi shiru. Wannan ya fi mini ciwo a kan kwamfutar."

"Tsoro na ji, Umma."

"Shi bai ji tsoro ba?"

Umma ta tashi ta sauko da motar robar. Ta kira Auta, ta ɗora shi a cinya.

"Gaskiya ka faɗa, ban yarda da kai ba. Ka yafe mini, ka ji?" Sannan ta dubi yarinyar. "Saura ke."

"Auta, ni na ɓata. Ka yi haƙuri."

Auta ya rungume motarsa. Ranar ko kusa da yayarsa bai zauna ba.

Ranar Asabar Malama ta zo da 'yar jakar kayan aiki. Suka gaisa da Umma. Ta fara zare waya daga soket, sannan ta kwance murfin akwatin da sukudireba. Ƙura ta cika ciki, ta toshe ramukan iska.

"Kin gani, Maman yara, dama can da ƙyar take numfashi. Shi ya sa fankar ke ihu," in ji Malama.

Ta zaro wani faffaɗan kati mai 'yar fanka a jiki. Gefensa ya yi baƙi.

"Wannan shi ne katin hoto. Shi ke ɗaukar nauyin wasa. Ya ƙone, ba ya gyaruwa."

"Bidiyon fa?" in ji Umma. Muryarta ta yi ƙasa.

"Ba a nan suke ba, suna cikin ma'ajiya. Bari mu gani."

Malama ta share ƙurar da ɗan buroshi. Ta mayar da wayar allo wata kafa dabam. Ta jona wuta ta danna maɓalli. Can sai allon ya kawo haske.

Malama ta ja kujera ta ce wa yarinyar, "Zauna. Ke kika canja saitin, ke za ki mayar."

Yarinyar ta mayar da fankar yadda take, mai ƙara gudu da kanta. Lambar ta tsaya a arba'in da ɗaya.

Suka shiga buɗe bidiyon ɗaya bayan ɗaya. Na farko ya buɗe. Muryar Baba ta cika falon, Auta ya manna fuskarsa a allo. Na biyu ya buɗe, na uku ma haka. Na huɗu ya ƙi. Na takwas ma ya ƙi.

Malama ta gwada ta wannan hanya, ta gwada ta waccan. Daga ƙarshe ta girgiza kai.

"Ma'ajiyar ta tsufa, zafin kuma ya taɓa ta. Bakwai sun tsira. Biyun nan sun tafi."

Yarinyar ta san su. Ɗaya ranar da Baba ya koya mata keke ne. Ɗayan kuma ranar da aka kawo Auta gida yana jariri, Baba yana riƙe da shi. Ta sunkuyar da kai, hawaye suna ɗiga a kan tebur.

"Kuka ba zai dawo da su ba," in ji Malama. "Zo mu tsare waɗanda suka rage."

Suka kwafi bakwai ɗin a wayar Umma da kuma filash. Malama ta ja akwatin nesa da bango don ya samu iska. Ta ce kwamfutar za ta yi rubutu da kallo, amma wasan tsere ya ƙare.

Bayan Malama ta tafi, Auta ya matso kusa da ita a kan tabarma.

"Yaya, wanda nake jariri ba zai dawo ba?"

"Ba zai dawo ba. Amma na kalle shi sau da yawa, kuma ina wurin da aka ɗauka. In ba ka labari?"

Ya gyaɗa kai.

"An naɗe ka a farin zane. Baba ya karɓe ka yana cewa, 'Wannan ɗan mitsitsin ne ya sa muka yi ta jira?' Sai ka yi masa atishawa a fuska."

Auta ya ƙyalƙyale da dariya. "Sai ya ce me?"

"Ya ce, 'To, na gode da gaisuwa.'"

Umma tana tsaye a bakin ƙofa, ita ma ta yi dariya tana share ido. Ta zo ta zauna a tsakaninsu, ta jawo su jikinta.

"Me kika koya?" ta tambayi yarinyar.

"In na'ura ta yi gargaɗi, in tsaya in duba, kada in rufe mata baki. Kuma in na yi laifi, in faɗa da wuri, kada wani ya sha wuya a kaina."

"Na yafe miki," in ji Umma.

Auta ya ɗora kansa a ƙafar yayarsa.

"Yaya, sake faɗa mini daga farko."