Mai Bin Sawu

"Wai a nan za mu kwana?!" Preston ya ja burki a bakin ƙofa, ya yatsine fuska kamar an ɗura masa maɗaci. "Ba intanet, banɗaki a waje... Linnea, wasa kike yi, ko?"

"Don Allah rage murya, Mama na ji."

Ji kuwa tana yi. Arlys, mahaifiyar Linnea, na durƙushe gaban murhu tana jera itace, ko waiwayowa ba ta yi ba. Tun Linnea na rarrafe suke kama hayar wannan ɗakin katako na gandun dajin jiha, a bakin tafki, duk tsakiyar hunturu. Bana ce ta farko da suka zo babu Baba. Linnea ta gayyato saurayinta ne don mahaifiyarta ta sa wa zoben da ke yatsarta albarka, Arlys kuwa tun da ya sauko daga motarsa mai sheƙi take masa kallon hadarin kaji.

Yana fita neman inda wayarsa za ta kama, Linnea ta matso.

"Mama, ki ba shi dama mana... Ɗan birni ne, zai saba."

"Na ce wani abu?"

"Shirun naki ne ya fi ciwo! Ina son shi, Mama."

"Rigar sanyinsa dai ta yi kyau," in ji Arlys, ta hura wuta. "Sauran, gobe ma gani a hanya."

Gari ya waye dusar ƙanƙara ta kai gwiwa. Suka ɗaura faffaɗan takalman taka ƙanƙara, suka kama hanyar dutsen da ke kallon tafki. Kowa ya san ƙa'idar: na gaba shi ke fasa hanya, shi ke shan wuya, na baya su taka inda ya daddaɓe. In ya gaji ya ratse gefe, wani ya karɓa. Ba a roƙo, ba a tuni. Baba kullum yakan haɗa rabon Mama da nasa saboda gwiwarta, bai taɓa faɗa ba.

Linnea ta fara. Da numfashinta ya ƙare ta ratse, sai ga gogan naka ya sunkuya yana gyaran igiyar takalmi. Arlys ta wuce gaba. Da ita ma ta ratse, ya duƙufa ɗaukar hoton wani reshe, sai ka ce yau aka halicci bishiya. Arlys ta sake komawa gaba.

"Preston," Linnea ta yi ƙasa da murya, "kai ne a layi."

"Haba rabin raina, ai ku kuka san hanya! Dubi Mamanki ma, daɗi take ji."

Daɗi! Mace mai furfura tana nutsewa tana fitowa, tana jan ƙafar hagu, ƙato yana biye da ita yana fito da baki. Kunya ta kama Linnea, irin wadda ke sa mutum ya tsani kansa don abin da ya zaɓa. Ta sha gaban mahaifiyarta, Arlys ta ture hannunta.

"Kin yi naki. Ba a mutu ba tukuna."

"Zumata, ashe abin ba wuya!" ya ɗago murya daga baya. "Ko gumi ban yi ba!"

Suna dab da kan dutsen, tafkin ya bayyana a ƙasa, fari fat, a daskare. Nan fa ƙarfin Preston ya zo. Ya zabura, ya bangaji kafaɗar Arlys, ya keta ƙanƙarar da ba a taka ba kamar ɗan maraƙi.

"Ku tsaya nan! Kar ku ɓata min wurin da sawu!" Ya miƙa wa Linnea waya. "Ɗauke ni. Arlys, ɗan matsa, kina shiga hoton."

Ashe dai ya iya. Arlys ta ja jiki ta zauna kan wani kututture, tana murza gwiwa.

Linnea ta dube shi daga hula har takalmi. Ta hango rayuwarta gaba ɗaya: ita a gaba, shi a baya yana fito. Hawaye suka zubo mata, masu zafi, don har yanzu zuciyar banza tana son murmushin nan nasa.

Ta cire safar hannu, ta zare zoben, ta ɗora kan wayar ta miƙa masa.

"Mene ne haka? Linnea... saboda ƙanƙara?!"

"Saboda ita dai."

"Mamanki ce ta zuga ki!"

"Mamata ko bakinta ba ta buɗe ba. Numfashin ma ina ta gan shi?"

Ta juya ta durƙusa gaban Arlys, ta kifa kai a cinyarta tana kuka. Tsohuwar ta shafa hularta. "Ya isa, 'yar Baba... ya isa. Kin yi kukan da wuri, ya fi."

Preston ya waiga dama, ya waiga hagu, bishiyoyi duk iri ɗaya.

"To ni ta ina zan koma wajen motata?"

Linnea ta share fuska, ta nuna masa hanyar da suka fasa.

"Bi sawunmu. Ai ka ƙware."